Mai Ruwan Toka ta Gindin Darbejiya

Yayana da ke aiki a Fatakwal ne ya bugo waya ya ce in nemo masa Corolla 'yar Kwatano a Kano, mai lafiya, wadda ba ta taɓa bugu ba. Ya ce ni ya zaɓa cikin ƙannensa saboda ni malamin makaranta ne, na iya riƙe rajista. Kaina ya kumbura. Mutumin da ke kiran sunan yara cike da aji kowace safiya, har ya gane wanda ya amsa a madadin abokinsa, ai motoci ba za su gagare shi ba.

Sai dai su yara kowa da sunansa da fuskarsa. Motar da aka shigo da ita kuwa ba lamba a gaba, ba lamba a baya, kuma masu shigo da Corolla kamar sun yi taro sun rantse ba za su sayo wata kala ba sai ruwan toka.

Na ɗauki bakanike bisa yarjejeniyar kowace mota ya duba in sallame shi. Muka bi titin Zariya, muka ratsa titin Gidan Zoo, muka leƙa titin Haɗejiya. Mutumin ya san aikinsa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya buɗe bonet, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, ya leƙa lagireto, ya danna saman taya don jin lafiyar ƙafa, ya shafa jiki yana neman inda aka yi ciko aka sake fenti. Daga nan ya ɗaga kafet yana shinshina, domin a Amurka kamfanonin inshora kan yi gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye, kuma da yawansu jirgin ruwa ne ke sauke su a wannan yanki namu. Wata daga ciki ta burge shi, ya ce injinta ko sauro ya fi shi ƙara. Na riƙe ta a ka: mai ruwan toka ta gindin darbejiya.

Da na koma, Honda na tarar a gindin darbejiyar. Na tambayi dillali, ya dube ni da tausayi ya ce, "Yallaɓai, ai mota ba bishiya ba ce, ƙafa huɗu gare ta."

Ashe haka sana'ar take. Mota ta Alhaji ɗaya ce, amma dillalanta sun fi a ƙirga. Wanda duk ya ji ƙanshin mai saye sai ya karɓi makulli ya kai ta can, ya ɗora nasa a kan kuɗin. Hotunan da na ɗauka a waya ba su taimaka da komai ba, don da na zauna ina dubawa da dare, sai na ga kamar mota ɗaya na yi ta ɗauka daga kusurwa daban-daban.

Sai na koma ga makamin da na gada. Na ɗebo alli daga makaranta, duk motar da muka duba in yi mata ɗan gicciye a gefen taya. Lokacin hunturu ne, ƙura ba ta barin mota ta kwana da tsabta, yaran wanki kuwa tun asuba suke bin su da bokiti, har taya sai sun goge ta yi ƙyalli. Gicciyena bai ga hantsi ba. Na sake yi a can ciki inda tsumma ba ya kai wa. Wani yaro mai himma ya hango, ya ɗauka sabuwar dokar maigidansa ce ta nuna wadda aka wanke, ya samo allinsa. Da na zo, kowace mota a filin tana da gicciye, har da wata Fijo da ta shekara ba ta tashi ba.

Daga nan na sayi littafi mai kauri, na shiga rubuta bayanin kowacce dalla-dalla. Wani dare na dawo na tarar da uwargida zaune da littafin a cinyarta, tuwona ko rufewa ba a yi ba. Ta buɗe ta karanta da ƙarfi, tana jan kowane harafi: "Ta titin Zariya: fara ce, kyakkyawar fuska, 'yar gidan mutunci, amma ta ɗan sha wuya. Ta Gidan Zoo: ta fi ƙuruciya, ƙafarta ɗaya na da matsala, Alhajin ya ce ba ragi. Zan koma in sake ganinta da yamma." Ta rufe ta ce, "Malam, to Allah ya sa alheri. Mai ciwon ƙafar za a kawo mana ko wadda ta sha wuyar?" Sai da na kira Yaya na sa shi a lasifika. Shi kuma, maimakon ya wanke ni nan take, sai da ya gama dariyarsa tsaf, da kuɗin katina.

Bakanikena ne daga baya ya ga dama ya nuna mini abin da ya sani tun ranar farko. A ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, akwai lambar shasi, kuma tana nan a jikin ƙofa. Haruffa da lambobi 17 ne, tsarin da ake bi a Amurka tun 1981, babu I, babu O, babu Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Na farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar: 1 Amurka, 2 Kanada, J Japan. Na goma kuma shekarar samfurinta ne. Wata da aka rantse mini 'yar 2007 ce, na ƙirga na tarar da 3 a wurin, wato 'yar 2003 aka sauya wa fitilu da hanci. Da na fara haɗa lambobin, sai ga shi 'yar gindin darbejiya, da ta Gidan Zoo, da wata da aka kawo mini har ƙofar makaranta da ƙarin naira 200,000, duk mota ɗaya ce. A wuri na farko ya yabi injinta, a na biyu ya ce ƙafarta na da magana. Na tambaye shi, ya ce, "Malam, kai ka ce kowace mota in duba. Ba ka ce kowace sabuwar mota ba."

Yanzu na samu hanya, sai na shiga filaye da tabarau da littafi, ina duƙawa a gilashi ina kwafar lamba, ina cewa a kawo takardar kwastan in gwada. Wannan shiga tawa kuwa ta zo wa mutanen a bagatatan. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, kuma a 2019 jami'an kwastan sun garƙame wuraren sayar da motoci a garuruwa da dama. Abin bai bar zukatansu ba. Ina duƙawa a mota ta biyu, na ji filin ya yi tsit. Mai makulli ya tafi alwala, rana ko tsaka ba ta yi ba. Wata baƙar jif ta sulale ta ƙofar baya. Aka kawo mini kujera da lemo mai sanyi, dillalin da ya koya mini bambancin mota da bishiya ya rusuna yana cewa, "Ranka ya daɗe, da ka yi magana ai da mu muka zo ofis."

Na ce masa ofishina aji huɗu ne, kusa da rijiya. Ya yi murmushin wanda ya gane, ya ce haka ne, ranka ya daɗe, ku ai ba kwa faɗa.

Lemon dai na shanye shi. Da na kira Yaya da dare in karanta masa lambar wadda ta ci jarrabawa, ya ce ai ya manta bai gaya mini ba, wani abokin aikinsa zai koma gida ya sayar masa da tasa tun makon jiya. Ya ce in adana littafin, Kawu ma yana neman mota.