Madalla da Annie, Fim ɗin da Ya Gano Maganin Maraici

Na sake zama na kalli Annie, fim ɗin waƙe-waƙen nan da kamfanin Columbia ya fitar a 1982, kuma dole in fara da jinjina. Shekara da shekaru masu hankali suna kai-kawo kan yadda za a share wa maraya hawaye, ashe magani na nan cikin awa biyu da ɗoriya. Maraya ya samu jan gashi da murya mai zaƙi, ya zauna ya jira ranar da wani hamshaƙin attajiri zai buƙaci a gyara masa suna a jarida. Shi ke nan an gama. Allah ya ƙara basira.

Labarin a birnin New York yake, a 1933. Annie na gidan marayu mata a hannun Miss Hannigan, mashayiyar da ke tashin yara cikin dare su goge daɓe. Sai attajiri Oliver Warbucks ya aiko sakatariyarsa, Grace Farrell, ta aro masa maraya na mako guda, kamar dai yadda ake aron tabarma ranar suna. Namiji ma ya so. Da ya ga mace aka kawo, cewa ya yi a mayar a canzo. Ina aka taɓa ganin tausayi irin wannan? Sunan bawan Allahn ma bai ɓoye komai ba, don ma'anarsa kuɗin yaƙi. A zanen barkwancin da Harold Gray ya fara bugawa a jarida a 1924, wanda daga shi duk labarin ya samo asali, da harkar makamai mutumin ya tara dukiya. Fim ɗin ya kyauta da bai dame mu da tambayar marayu nawa makaman suka samar ba.

Babbar bajintar masu fim ɗin ita ce shara. A 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aiki, bankuna sun durƙushe, magidanta na kwana a bukkokin kwano da kwali da ake wa laƙabi da Hooverville, don tsokanar shugaba Herbert Hoover. Wasan dandamalin da aka fara a Broadway a 1977, wanda Charles Strouse ya yi wa kiɗa, Martin Charnin ya rubuta wa waƙoƙi, ya ba mutanen bukkokin nan waƙa guda, suna yi wa Hoover godiyar gatse. Masu fim suka sa tsintsiya suka share su kakaf. Gaskiyarsu. Wa zai biya kuɗin tikiti ya kalli ƙato mai gemu yana jin yunwa? Yunwa a fuskar ƙaramar yarinya mai tsalle-tsalle ta fi kyan gani. Balle a 1982, shekarar da rashin aikin yi a Amurka ya haura kashi 10 cikin 100, ai bai kamata a tuna wa 'yan kallo abin da suka baro a gida ba.

Manyan talakawan da aka bari a gaban kyamara kuwa an zaɓo su da kyau. Ga Hannigan da kwalbarta, ga ɗan'uwanta Rooster, tsohon fursuna, ga budurwarsa Lily, duk sun haɗa baki su yi shigar iyayen Annie don su cinye ladan dala 50,000 da attajiri ya sa. Ga kuma wani ɗan Bolshebik da ya jefo bam gidan Warbucks, aka bayyana wa yarinya cewa laifin maigida kawai shi ne ya zama shaidar cewa tsarin Amurka na aiki. Yaro ya tashi daga kallo da darasi tsaf: mai neman kuɗi ɓarawo ne, mai kuɗi uba ne.

Sannu da ƙoƙari kuma wajen girmama marigayi Gray. Mutumin nan ya tsani shugaba Franklin Roosevelt da shirinsa na tallafa wa talakawa, har ya kashe Warbucks a zanensa a 1944 don haushi, bai dawo da shi ba sai bayan rasuwar Roosevelt a 1945. Gray ya mutu a 1968. Wasan dandamali ya fara sulhunta abokan gabar, fim ya ɗora: aka ɗauki Warbucks a jirgi zuwa fadar White House, aka tsayar da shi kusa da Roosevelt, suka bi Annie suna rera waƙar nan da ke cewa a jira gobe. Da amshi ɗaya aka warware rikicin da ya raba kan Amurka shekaru. Matacce ba ya kai ƙara. Miliyoyin da ke layin karɓar miya kuwa, an ba su gobe, sai su jiƙa su sha.

Ban manta da Punjab ba. An samu Geoffrey Holder, ɗan Trinidad, gwanin rawa, mai zane, mai murya kamar tsawa, aka naɗa masa rawani aka ce Ba'indiye ne, aka ba shi aikin gadi da 'yan dabo. Maganarsa a fim ɗin ba ta cika cokali ba. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun ɗauka Indiyawa na da iyaye da gida da abin da ke damun su, sai Annie ta gyara mana fahimta. A ƙarshe ma, lokacin da Rooster ya kora yarinyar saman gadar jirgin ƙasa, rawanin nan Punjab ya warware daga jirgin sama ya yi igiya da shi. Ashe amfaninsa ke nan.

Kuɗi kam an zuba. Dala miliyan 9.5 aka biya don haƙƙin wasan kaɗai. Aka kira John Huston, dattijo ɗan shekara 75, mai The Maltese Falcon da The African Queen, wanda bai taɓa shirya fim ɗin waƙa ba, aka ɗanka masa tarin yara. Aka ari katafaren ginin kwalejin Monmouth a jihar New Jersey ya zama gidan attajiri. Akwai wurin da Warbucks ya saye kujerun zauren Radio City gaba ɗaya, kusan 6,000, don shi da Annie da Grace kaɗai su kalli Camille na Greta Garbo. Camille a 1936 ya fito, labarinmu a 1933 yake. Ka ga ƙarfin arziki, har fim ɗin da ba a yi ba tukuna yana saye.

Ko wajen zaɓen 'yar wasa an bi tafarkin labarin: yara mata kimanin 8,000 suka gwada, aka ɗauki Aileen Quinn, yawancin sauran suka koma gida. Da masu sukar finafinai suka tashi rabon kyautar izgili ta Razzie, Huston da furodusa Ray Stark suka tsira, aka miƙa wa yarinya 'yar shekara 11 tata. Adalci ke nan.

Sai bikin ƙarshe, ranar 4 ga Yuli, da wasan wuta da 'yan wasan sakus. Ga Miss Hannigan can bisa giwa tana murmushi, don a daren gadar nan ta yi yunƙurin hana ɗan'uwanta kashe Annie. Dare ɗaya ya wanke shekarun zagi da yunwa da gugar daɓe. Sauran marayun, su Molly da Pepper da Duffy, waɗanda suka gudo cikin dare suka keta birnin a ƙafa don su tona asirin makircin, an sa musu kaya masu kyau, an ba su abin zaƙi. Ɗaya aka ɗauka.

A nan yabona ya ƙare, don abin na ci mini rai. Carol Burnett ta yi wasa mai kyau a matsayin Hannigan, Albert Finney bai gaza ba a matsayin Warbucks, waƙoƙin kuma suna maƙale wa mutum a ka. Shi ya sa fim ɗin ke shiga zuciyar yaro ba tare da sallama ba, ya koya masa cewa maraya ɗan caca ne, ba mai haƙƙi a kan jama'a ba. Idan za ka kunna wa 'ya'yanka, ka zauna tare da su. In wasan wutar ya lafa, ka tambaye su inda Molly za ta kwana yau.