Jama'ar Fijo a Gindin Maina

Daga Kwanar Babaldu ka nufi Gwaram, in dai idonka na kan ƙofofin gidaje, ba za ka rasa ganinta ba: tsohuwar Fijo 504, tayoyi biyu sun sace, biyu an cire an tokare da bulo, ta share shekaru a gindin maina. Kada ka kuskura ka ce ta mutu. Gyara ake yi, kuma gyaran yana da jama'arsa.

Shugabansu shi ne magaji. Motar ta mahaifinsa ce, tsohon hedimasta ko malamin gona, wanda ya haɗa kuɗin ƙarin albashin Udoji da bashin mota ya fito da ita fil, a zamanin da kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci, wato daga 1975. Lambarta ma ta tsohuwar Jihar Kano ce, tun kafin a yanke Jigawa a 1991. Ranar rabon gado 'yan'uwa suka zaɓi gona da shanu, shi ya ce a bar masa motar Baba. Yau masu gona har sun sauke farali, shi kuwa yana nan da makullinsa a aljihun gaba. Ka tambaye shi lafiyarta, amsar ɗaya ce rani da damina: "Ai injinta garau yake, batir ne kawai."

A yi masa adalci, ba a banza ya kafe ba. Mota ce da Faransa ta fitar a 1968, Turai ta zaɓe ta gwarzuwar shekara a 1969, ta cinye gasar Safari ta Kenya a 1975, kuma Kaduna ba ta daina harhaɗa ta ba sai tsakiyar shekarun 2000, bayan masu ita sun daɗe da mantawa da ita. Babu kwamfuta a cikinta, babu wata na'urar da sai an kira mai karatu. Kafireta, dilko, filogi huɗu, lagireto, shi ke nan. Wannan sauƙin nata ne ya jawo mata masifa, don kowa gani yake ya iya.

Wanda ya fi kowa iyawa shi ne bakaniken baka. Yakan iso bayan la'asar, hannuwa a goye a baya, goro a kunci, ya leƙa cikin bonet daga nesa don kada baƙin mai ya taɓa masa shadda. "Kafireta ce." In aka ce jiya aka wanke ta, sai ya gyaɗa kai: "To dilko ne, dama shi nake zargi." Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe sifana ba, amma duk abin da aka gano daga ƙarshe, shi ya fara faɗa, ba a dai saurare shi ba ne.

Akwai bakanike na gaske, wanda ake ɗaukowa daga Birnin Kudu a kan babur. Shi kam aikinsa abin kallo ne. Zai ɗora jarkar fetur a saman motar, ya zura tiyo, ya zuƙo man da bakinsa, ya tofar, ya liƙa tiyon kai tsaye a kafireta. Zai ciro filogi ya ƙona shi da wuta, ya goge bakinsa da sanfefa, ya manna shi a jikin injin ya ce a murza makulli don ya ga tartsatsi. Ya kasa kunne, ya taɓa nan, ya shinshina can. Matsalarsa guda ce: in ya kwance kan injin ya ce zai kai a yi masa aiki, to an yi sallama ke nan. Daga ranar amsarsa ta koma "gobe in Allah ya yarda, Alhaji", har wayar ta daina shiga gaba ɗaya. Watanni bayan haka za a haɗu da shi a wurin ɗaurin aure, ya durƙusa har ƙasa ya yi gaisuwa, ya ce dama yau ɗin nan yake shirin zuwa.

Sai ɗan aiken kasuwar Ƙofar Ruwa. Galibi ɗan ɗan'uwa ne da ke cewa ya san Kano ciki da bai. A naɗe masa tsohon famfon ruwa a tsumma, a ce ya nuna ya kawo irinsa sak, orijina ko ɗan Beljiyam, ban da ɗan Chaina. Ya kwana biyu ya dawo da na 505. "Kawu, mai shagon ya rantse duk Fijo ɗaya ce." Canji kuwa ya tafi a kuɗin mota da gurasa.

Na zamani shi ne mai YouTube, yaron gidan da ya gama karatu yana jiran aiki. Ya samo wani Bature da ke gyaran irin wannan motar a gareji mai tayil, kowace sifana da ƙusar da ake rataye ta. Shi kuma abin da yake da shi filaya ce da sukundireba mai karyayyen baki. Ya bi Baturen daki-daki wajen kwancewa, daidai inda za a fara mayarwa data ta ƙare. Da ya haɗa da ka, sai ga noti bakwai sun yi saura a gwangwanin madara. Bayaninsa: Turawa ne da almubazzaranci, sun sa fiye da kima. Babbar ɓarnar da ya yi dai ba wannan ba ce. Shi ne ya nuna wa magaji cewa a Turai akwai masu tara tsofaffin motoci suna biyan kuɗi mai kauri, tun daga ranar magaji ke jiran Baturen da zai biyo ta har gindin maina da jakar kuɗi.

Tsohon direba ba ya tashi daga tabarma. Yana kan hanya ranar da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, kuma kowa a unguwar ya haddace labarin. A wurinsa duk motar da aka ƙera bayan wannan roba ce. In gardama ta yi zafi sai ya sa yaro ya buɗe ƙofar Fijon ya bugo ta da ƙarfi. "Kun ji ƙarfe?"

Mai fenti ba ya buƙatar dogon bayani: inji na kwance a buhu, shi ya riga ya fesa mata shuɗi ya rubuta "Haƙuri Maganin Duniya" a baya.

A ganina, mutum ɗaya ce take cin moriyar motar nan, ita ce uwargida. Bonet wurin shanyar barkono da kuɓewa ne, don ƙarfen na ɗaukar rana kuma akuya ba ta kaiwa can da sauƙi. But ya zama rumbun gyaɗa, yana da makulli. Kujerar baya ta kaza ce. Ita ce kuma take riƙe da lissafin da kowa ke gudu: ta san kuɗin takin bara da ya koma ringi da fistin, ta san tunkiyar da aka sayar don kuloci. Ba ta faɗa, ba ta gori. Sai dai in ta ga an taru an buɗe bonet, ta aiko yarinya: "Wai in ji Umma, in yau za a tayar, a bari kazarta ta ƙyanƙyashe tukuna."

Wanda ba a so a gani shi ne ɗan gwangwan. Yakan tsayar da kurarsa, ya zagaya motar a hankali kamar mahauci yana duba sa a kasuwar Sara, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa ƙasa. Bai damu da gasar Kenya ba, kilo yake lissafi. Magaji ya kore shi da faɗa, shi kuma ya tafi da murmushi, yana cewa, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji, zan sake biyowa." Ya fi kowa haƙuri a cikin jama'ar nan.

Wata rana kuwa takan tashi. A aro batir daga Golf ɗin maƙwabci, a aro tayoyi, a kwashe kaza da gyaɗa, a tara yaran unguwa. Magaji ya shiga da babbar riga, ya sa giya ta biyu, a tura, ya saki kuloci. Ta yi tari, ta yi atishawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe layin, sai ga ta tana ruri ba salansa. Mata na leƙe ta katanga, tsohon direba har ya miƙe tsaye. A nufi gidan mai da kabbara. Can ne magaji ke tunawa cewa tun 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, kuma wannan baiwar Allah ba ta san an cire ba. Ya sayi lita biyu. Kafin a kai masallacin Juma'a lagireto ya tafasa, fanbel ya tsinke, ta tsaya a tsakiyar titi. Yaran da suka biyo ta a guje suka kewaye ta suna haki, babbansu ya leƙa ta taga ya ce, "Baba, turin komawa fa kuɗinsa daban."