Jama'ar Jumong da 'Yan Fadar Yanxi

Da can duk fim ɗin da ya fito daga gabashin Asiya sunansa ɗaya a wurinmu: fim ɗin Chanis. Ko Bruce Lee ne ko Jackie Chan, in dai za a yi karate a kashe bos, magana ta ƙare. Yau kuwa ka kuskura ka haɗa wasan Koriya da na Sin a kwando ɗaya a gaban ma'abota, sai an yi maka karatun da ba ka biya kuɗinsa ba. Masu kallon sun rabu gida-gida, kuma abin da mutum yake kwana a kansa yakan tona halinsa fiye da bakin maƙwabta. Ga kaɗan daga cikinsu.

Tsohon Hannu

Agogon wannan bawan Allah ya tsaya a 2006, shekarar da tashar MBC ta fara nuna Jumong. Kashi 81 ne, ya kuma kalle su a faifai tun ana tayar da janareto. Ya san Haemosu, ya san Soseono, har gobe yana jin haushin Yarima Daeso, yana kuma tausayin maƙeri Mopalmo da ya sha wahalar neman sirrin takobin ƙarfe. Zai lissafa maka yadda aka kafa daular Goguryeo, amma kada ka tambaye shi sunan kansilan mazaɓarsa. Duk sabon wasan da ka kawo masa, zai kalli rabin kashin farko ya taɓe baki: "Ba laifi, amma bai kama ƙafar Jumong ba."

'Yar Gidan Lee Min-ho

Tun da ta ga Lee Min-ho a Boys Over Flowers na 2009 samarin unguwa suka shiga uku. A ƙa'idarta, masoyin gaskiya shi ne magajin babban kamfani, mai girman kai a kashi na 1, mai riƙe lema a kashi na 6, mai durƙusawa ya ɗaure wa budurwa igiyar takalmi a kashi na 10. Ta san uwarsa za ta turo ambulan cike da kuɗi don a rabu da ɗanta, ta ma tanadi amsar da za ta bayar. Sai ga saurayinta na zahiri ya faka babur a ƙofar gida, ya aiko yaro: "Wai ana sallama da Ummi." Da Song Joong-ki da Song Hye-kyo suka rabu a 2019, ranar ko tuwo ba ta ci ba. Da Hyun Bin ya auri Son Ye-jin a 2022, anko ne kawai ba ta fitar ba. Ta taɓa gwada haɗa kimchi da kabeji da yajin daddawa. Mutanen gida sun roƙe ta ta ji tsoron Allah.

Uwargidan Fada

Ita wannan kallon 'yan Koriya take yi a matsayin yara masu wasan 'yartsana. "Kashi 16, takwas daga ciki ana shawarar riƙe hannu!" Nata fagen shi ne fadar sarakunan Qing: Empresses in the Palace na 2011 mai kashi 76, da Story of Yanxi Palace na 2018 mai kashi 70, inda Wei Yingluo ta shiga fada a matsayin baiwa mai ɗinkin surfani don ta gano wanda ya kashe yayarta, ta kuma yi ta hawa har ta zama ta gaban goshin Sarki Qianlong.

Ba nishaɗi take nema ba, darasi take ɗauka. Tun da ta ga a Empresses in the Palace yadda sarki da kansa ya riƙa bai wa wata matarsa turaren da ke hana haihuwa, ita kuwa tana ta alfahari da cewa ita kaɗai ake ba, Uwargida ta daina karɓar turaren wuta daga hannun kowa. Idan amarya ta ce, "Yaya, ina kwana?" sai ta wuni tana juya gaisuwar: me ya sa yau ta yi murmushi? Wa ya aiko ta? Idan aka kawo mata kunu, sai ta fara miƙa wa wani ya kurɓa. Babban abin da ta koya kuwa, kuma take maimaita shi da ƙarfi in maigida na kusa, shi ne duk faɗin fada sarki ne na ƙarshen sanin abin da ke gudana a gidansa.

Mai Haƙurin Shekara Dubu

Shi wasannin Sin na aljanu da mutanen sama yake bi, irin su Eternal Love na 2017 mai kashi 58, inda masoya ke yin rayuwa uku kafin su daidaita. Jarumai na tashi sama da fararen kaya da ba sa datti, ana tsare mutum shekara ɗaruruwa ya fito gashinsa a taje. Idan jarumi ya mutu, ko gezau ba ya yi: "Ku kwantar da hankali, zai dawo." Duk lokacin da aka sake haifar wani, sai ya ce "A'uzubillahi, ƙaryar banza," sannan ya danna kashi na gaba. Kada ka ba shi bashi. Wanda ya saba ganin an jira masoyi shekara ɗari uku, wata shida ba komai ba ne a wurinsa.

Mai Tsallake

Babban yatsansa ba ya hutawa. Ana hira, ya tura gaba. Ana kuka, ya tura gaba. An zare takobi, ya tsaya. Da haka ya gama Nirvana in Fire, kashi 54 na zallar dabara da ƙulle-ƙullen siyasa, a dare biyu. Da safe ya zo yana tambaya: "Wai shi Mei Changsu ɗin nan mai yawan tari, ɓangaren wa yake?"

Mai Fasa Ƙwai

Kullum da rantsuwa yake farawa. Ya same ka a farkon Squid Game, sai ya leƙo: "Wallahi ba zan gaya maka komai ba. Amma ka ga tsohon nan mai lamba 001? Ka dai sa masa ido." Abokansa sun koyi kifa waya in sun hango shi.

Alƙali

Wannan bai yarda ya ji daɗin wasa ba sai ya ɗora shi a sikeli. Shari'ar da ya fi so ita ce ta Scarlet Heart na Sin, 2011, da Moon Lovers na Koriya, 2016, domin duka biyun daga littafin marubuciya Tong Hua suka fito: budurwar zamani ta faɗa tsakiyar 'ya'yan sarki masu rikicin gadon sarauta. Na Sin kashi 35 ne a zamanin Sarki Kangxi, na Koriya kashi 20 a daular Goryeo. Daga nan sai ya buɗe kundin laifuka. Koriya ta iya ɗora tukunya amma tana saukewa da gaggawa. In marubuci ya rasa mafita sai ya turo farar babbar mota ta banke jarumi, ya farka ya manta kowa, a kuma shiga Subway a ci burodi saboda talla. Sin kuwa ta fi kowa tufafi da gine-gine da taron jama'a, amma ga jan rai, ga aman jini da zarar an ɓata wa mutum rai, kuma ba a taɓa mutuwa don an faɗo daga kan dutse. Da hukumar talabijin ta Sin ta buƙaci a 2020 kada wasa ya riƙa wuce kashi 40, sai ya ce ai shi ya daɗe yana faɗa. Tambaye shi wa ya yi nasara, zai ɗage zaman sai ya gama wanda yake kallo yanzu.

Malam Ba-Ruwana

Shi ne maigidan da ke cewa duk wannan shirmen mata da yara ne. Ba ya zama a falo. Tsayawa yake a bakin ƙofa da hula a hannu, wai fita zai yi, har kashi biyu su wuce. Can sai ka ji ya yi gyaran murya: "Wannan munafukin wazirin har yanzu ba a kama shi ba?" Da asuba idonsa ja wur, datar da ya saya jiya ta ƙare, ya ce kamfanin waya ne ke zaluntar talaka. Iyalinsa ba sa musu da shi. Sun dai lura cewa ranar da sarauniyar farko ta kashe kanta a wasan Yanxi Palace, ya fito daga ɗaki yana share ido, yana faɗan wai wa ya soya barkono a gidan nan da tsakar dare.