Ranar da na karya tarihin duniya a kududdufi

Mu mutanen Zuru da noma da aikin soja aka san mu. Mai neman gwanayen ruwa a Jihar Kebbi, Argungu yake nufa, inda Kabawa ke faɗawa Matan Fada da koma da gora. Amma tun da na kalli gasar Olamfik ta Faris a 2024, na ga Pan Zhanle na ƙasar Sin ya cinye iyon mita 100 cikin daƙiƙa 46.40, ya kafa tarihin duniya, wani tunani ya hana ni sakat: shi ma fa hannu biyu gare shi.

A bayan unguwarmu akwai kududdufin da masu tubali suka bari. Cikin Agusta, ruwa ya cika shi maƙil, na jawo abokina tela ya auna mini. Ya bi gefe da tef ɗinsa yana tsugunne kamar mai auna wa ƙato wando, ya miƙe ya ce, "Yadi 25 cif." Na ce ai yadi da mita Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Aikin gona ya sha kaina, ban samu sukuni ba sai ƙarshen Nuwamba. Tela ya riƙe waya, yara suka yi dafifi, na yi bismilla na faɗa. Kafin ka ce kwabo na kama ciyawar wancan gefen. Daƙiƙa 11! Na zana lissafi a ƙasa da tsinke: 11 sau huɗu, 44. Wato na ba ɗan Sin ratar fiye da daƙiƙa biyu, ko karyawa ban yi ba. Kafin la'asar har mai shayi yana kira na Sarkin Ruwa.

Da dare ɗan yayata, ɗalibin jami'a, ya zo ya ɓata mini lissafi.

"Kawu, yadi bai kai mita ba. Yadi 25 mita 22.86 ne. Irin kwamin da ake gasa a makarantun Amurka ke nan, kuma in za a mayar da lokacinsa zuwa mita, ana ninka shi da kusan 1.11."

Ya danna waya, 44 ɗina ta koma 48.84.

"Sannan kwamin Olamfik mita 50 ne. A na mita 25, mai cin mita 100 sau uku yake juyawa ya tokari bango, kowace tokara kuwa gudu take ƙara masa. A na 50 sau ɗaya tak. Shi ya sa kowanne da kundin tarihinsa daban. Kuma Kawu, ba a ninka zango ɗaya sau huɗu, akwai gajiya."

Na ce, "Yaro, gajiya ta raggo ce." Na sayar da buhun dawa biyu, na hau mota sai Abuja.

Da na tsaya a bakin kwami mai mita 50, sai na ga wancan bangon kamar a wata ƙaramar hukumar yake. Ruwa shuɗi, garai-garai, babu ko kwaɗo ɗaya da zai ɗebe wa mutum kewa. Na dake na faɗa. Na yi ta dukan ruwa har numfashi ya fara gardama, sai na yi abin da na saba yi a gida ba tare da na taɓa lura ba: na sauke ƙafa in taka ƙasa. Babu ƙasa. Na ƙara laluba, wayam. A nan na gane cewa rabin tarihin da na kafa a Zuru da ƙafa na kafa shi, cikin taɓo. Lallai ruwa ba sa'an kwando ba ne. Na sha na ƙoshi kafin mai gadin wurin ya miƙo mini doguwar sanda ya jawo ni kamar tarwaɗa. Ya ce, "Alhaji, ko mita 20 ba ka kai ba."

A mota na tuna Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini, wanda ya koyi iyo a ƙaramin kwamin otal, ya je Sidni a 2000 ya gama mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72. Dā dariya nake masa. Yanzu in na gan shi, har ƙasa zan gaishe shi.

Ina sauka na tasa tela a gaba muka sake aunawa. Iskar hunturu da shanun da ke sha sun yi aikinsu: yadi 13.

Na ce, "Mutumina, ina yadina 12?"

Ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya rataya a wuya, ya ce, "Haba Sarkin Ruwa! Wane yadi ne ba ya tsukewa bayan ya sha ruwa?"