Wasiƙa Daga Dalas: Taubashi, Raba Wutarka da Bakin Bindiga

Dalas, jihar Teksas,
Amurka.

Zuwa ga taubashina, bawana na gado, mai walda a bakin titin Daudawa.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da amarya da yara da duk mutanen gida. Ya aiki, ya fama da rashin wuta? Allah Ya sa audugar bana ta yi daraja a Funtuwa, ko ka samu ka sauya wannan tabarau naka na walda mai ido ɗaya.

Bayan haka, saƙonka ya iso ta WhatsApp, muryarka da ƙarar janareta suna kokawa, da ƙyar na tsinci maganar. Ka ce wani ya kawo maka bindiga wadda aka liƙe mata wani ƙarfe a baki da walda, yana so ka cire masa, kuma tunda ina zaune a ƙasar masu bindiga, in tambayo maka yadda Turawa suke yi. Wallahi na yi dariya har sai da uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Kai da ka yi wa Gwaggo ƙyauren da sai an tara ƙarti uku kafin ya buɗe, yau kai ne likitan bindiga? Karambanin akuya, gai da kura!

Amma tunda bawa ya yi tambaya, wajibi ne ubangida ya ilimantar da shi. Gyara zama.

Gaskiya ne, bindiga ta fi mutane yawa a nan. Wata cibiyar bincike da ke Janeba, Small Arms Survey, ta fitar da ƙiyasi a 2018 cewa fararen hular Amurka suna riƙe da bindigogi kusan miliyan 393, wato wajen 120 ga kowane mutum 100. Tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba su 'yancin mallakar makami, kuma a nan Teksas, daga watan Satumban 2021, baligin da doka ba ta haramta masa ba yana iya rataya ƙaramar bindiga ya fita ba tare da lasisi ba. Kanti ɗaya za ka sayi ƙugiyar kamun kifi da takalmin ƙwallo da harsashi.

To duk da wannan sake, akwai wurin da hukuma ba ta wasa, kuma daidai wurin da kake son kai hannunka ne. A zamanin su Al Capone, 'yan daban Shikago sun addabi jama'a da manyan bindigogi da kuma waɗanda aka datse wa baki don su ɓoyu a cikin kwat. Shi ya sa a 1934 majalisa ta yi doka, wadda a yau ta tanadi cewa duk doguwar bindiga mai harsashi ɗaya-ɗaya da bututunta bai kai inci 16 ba, sai an yi mata rajista ta musamman a wurin gwamnatin tarayya. Harajin da aka ɗora a wancan lokacin dala 200 ne, kuɗin da talaka zai yi watanni bai tara ba. Wanda aka kama da irinta babu rajista yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10.

Ka ga asalin waldar ke nan. Ana ƙera bindiga da bututu mai inci 14 da rabi, sai a ɗaura mata ƙarfen baki, irin mai rage walƙiyar wuta ko mai rage shurin da take yi wa kafaɗa, a kashe shi da walda yadda ba zai ƙara kwancewa ba. Hukumar ATF, mai kula da makamai, tana lissafa shi cikin tsawon bututun muddin ya zauna daram, sai a cike inci 16. Ranar da ƙarfen ya fita, bindigar ta gajarce, mai ita kuma ya shiga hannun doka. Da gangan aka yi shi don kada ya ciru, ba irin taka waldar ba da ke sakin jiki tun kafin mai kaya ya kai gida.

Ina da maƙwabci Bature, dattijo mai kirki, maharbin barewa ne duk watan Nuwamba. Ya ga wani sabon ƙarfen baki a YouTube, ransa ya biya, ya ce tsohon da aka liƙe wa bindigarsa da walda ya ishe shi. Ranar wata Asabar ya buɗe gareji, ya jera kayan aiki a kan tebur, waɗanda in ka gan su sai ka rufe rumfarka don kunya. Tun hantsi nake jin ƙarar injin. Da la'asar na leƙa, na same shi jajir, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, gilashi ya zamo masa zuwa kan hanci. Ƙarfen yana nan inda yake, bututun kuwa ya sha ƙarzuna, baƙin fentinsa ya kwaile. Matarsa na tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu, ba ta ce uffan ba. Ran Litinin ya naɗe kayarsa a akwati ya kai wa mai gyaran bindiga mai lasisi. Shi kuwa ya duba, ya girgiza kai, ya ce bututun ya tashi aiki, sai sabo. Abin da maƙwabcina ya biya ya ninka abin da zai biya da tun farko can ya nufa.

Na tambayi dattijon dalilin da ya sa ƙarzuna kaɗan za ta kashe bututu sukutum. Ya ce bakin bindiga shi ne wuri na ƙarshe da harsashi yake taɓawa kafin ya fita. In ya sami tawaya ko ta ƙwayar gero, harsashin sai ya kauce, a auna gabas ya faɗa wani wurin. Sannan zafi yana sauya ƙarfe, wannan kai ma ka sani, tunda kakanninka maƙera ne: lauje in ya sha wuta fiye da kima, ko ya yi laushi ko ya riƙa ɓarewa. To lauje in ya ɓare, ciyawa ce ta tsira. Bututun bindiga in ya fashe, da yatsu da idon mai riƙe da ita yake tafiya.

Yanzu bari in ajiye wasa kaɗan, don abin da ke raina ya fi ƙarfin dariya. Na san abin da ya sa mutanenmu suka rungumi bindiga. Ban manta Kadisau ba a watan Yunin 2020, da aka shiga gari aka kashe mutane da dama. Ban manta daren 11 ga Disamban 2020 ba, da aka kwashe yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A 2021 da aka katse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da maƙwabtansu, ina nan ina juyi a kan gado, ba halin in ji muryar Gwaggo. Wanda aka hana shi noma gonar ubansa, ba mai ce masa ya naɗe hannu.

Amma taubashi, ka tsaya ka yi tunani. Bindigar toka ta maharba da ta hawan Sallah ba ta zuwa da irin wannan ƙarfen a baki. Wadda aka kawo maka ta kamfani ce. Daga ina ta fito? Ta hannun wa da wa ta bi kafin ta iso rumfarka? Mai ita ya ce maka ɗan sa-kai ne, to a goshinsa aka rubuta? Dokar makamai ta Najeriya, tun ta 1959, ta hana ƙera bindiga ko gyara ta sai da izinin hukuma. Ranar da jami'an tsaro suka kama ta a daji aka tambayi wanda ya taɓa ta, sunanka za a fara kira, kuma ka san yadda ake kallon duk wanda aka ce yana yi wa 'yan bindiga aiki a ƙasar Faskari. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ga kuma rumfar taka. Tartsatsi na tashi ta ko'ina, yaran unguwa sun yi maka da'ira suna kallo, mai bumburutu na gefe da galan-galan na fetur. Wa ya tabbatar maka babu harsashi ko ragowar albarushi a cikinta? Sau nawa muka ji an ce bindiga ba komai a cikinta, ta tashi da mutum?

In da gaske mutumin nan mai tsaron gari ne, hanya a buɗe take. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar Katsina a watan Oktoban 2023, suna da shugabanni, suna aiki tare da 'yan sanda da sojoji. Ya kai ta can, ko ofishin 'yan sanda na Faskari, da sanin maigari. Su ke da masu duba makamai. Kai kuma ka ba shi haƙuri, ka ce injinka na garma ne da ƙyaure da amalanke.

Kada ka raina wannan aikin. Garmar shanu da ka gyara ita ke ciyar da gida. Ƙyauren ƙarfe mai ƙwari da sakata ta kirki tsaro ne ga mai ɗaki da 'ya'yanta. Ka ƙware a nan, ka fara da na Gwaggo, a samu ya riƙa buɗewa da hannu ɗaya.

Kuɗin shararka na bana suna nan tafe, har da ƙarin na sabon tabarau da safar hannu, amma da sharaɗi: sai Gwaggo ta shaida mini da bakinta cewa bindigar nan ta bar rumfarka yadda ta zo. Ka gaishe ta da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida amarya, ka ce mata ta ci gaba da haƙuri da kai, ladanta na wurin Allah. Ka gaida liman da mutanen majalisar bakin kasuwa.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da manoma gonakinsu lafiya. Ka mayar wa mutumin nan kayarsa yau, kada ta kwana a hannunka.

Wassalam.

Ni ne ubangidanka har gobe,
ɗan kawunka na Dalas.