Dogon Hutu a Kurudu: Kowa da Jakarsa

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen Yuli, sai malaman firamaren Kurudu su ajiye alli su ɗauki biro. Wadda ta shekara tana zane yara a kan jinga, yanzu ita ce ke kwafar ta ƙawarta a cikin mota. NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan, mai NCE kuma idonta na kan digiri, tunda ƙarin girma ba ya zuwa da addu'a kaɗai. Sai a nufi karatun hutu, wasu Zuba, wasu wajen Gwagwalada.

Baƙo zai ce ai duk Abuja ce. Daga Kurudu sai ka ratsa Jikwoyi da Karu, ka yi zaman jiyya a cunkoson Nyanya, ka gaisa da AYA, sannan ka fara tunanin Zuba. Jaririn da aka fito da shi da asuba, kafin a isa ya soma haƙori.

Malama kuwa ayari take tafiya da shi: goyo, filas ɗin kunu, lema saboda ruwan Agusta, sai uwa uba 'yar raino. Yarinya ce 'yar shekara goma da aka ɗauko daga ƙauye bisa alkawarin za a sa ta boko. Kuma a gaskiya an cika alkawari har da gyara, don ba ta taka firamare ba, ba ta ga sakandare ba, ga ta yau a harabar babbar makaranta. Mazauninta gindin mangwaro, daidai tagar aji. Ba ta fashi, ba ta latti, ba ta taɓa sa hannu a madadin wata ba. A ciki malami na ta bayanin dokar UBE ta 2004, wadda ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Malama ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙasa don zai fito a jarrabawa, sannan ta leƙo taga: "Ke! Jijjiga shi mana, ba ki ji yana kuka ba?"

Manyan yaran an tura su lesin ɗin hutu. Ba wanda ya biya kuɗin nan don lissafi. Shirun gida aka saya. Safe lesin, yamma Islamiyya, dare tilawa. Yaro na ɗokin Satumba ta zo ya koma makaranta ya ɗan huta.

Saura maigida. Gudunmawarsa ɗaya ce, kuma majalisa ta haddace ta: "Ni na ba ta izini." Ranar da aka bar masa yara, Indomie ce safe da rana, waya kuma ba ta sanyi: "Maman yara, wai ina kike ajiye gishiri?" Ya yi alkawarin kai su Millennium Park na Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, daga nan a zarce gidan namun dajin yara na Asokoro. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, da baki ake wannan tafiya, kuma ana yin ta kowace Asabar. In an yi sa'a an je, to da kayan Sallah za a je, da dokoki: kar a zauna a ciyawa, kar a yi gudu, kar a kalli mai askirim. A jera, a yi murmushi, hoto ya hau WhatsApp, a kama hanya kafin Nyanya ta cushe.

Ranar yaye ɗalibai maigida ne a tsakiyar hoto, ya sha babbar riga, yana karɓar barka. Hoton ya yi kyau ƙwarai, 'yar raino ce ta ɗauka da goyo a bayanta. Da dare a majalisa ya numfasa ya ce, "Kai jama'a, mun sha wuyar karatun nan. Badi kuma Mastas za mu fara."