Likitocin Tsohon Injin Zarto

Duk wanda ya taɓa ɗauko awon ƙofa daga Gamu ya nufi shagon kafinta a Gure ko Damagaram ya san ranar da injin zarto ya yi gardama ba ranar komawa gida da wuri ba ce. Injin nan nake nufi mai tayoyi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da siririn zarto da aka haɗe bakinsa da walda yana kewaya su. Galibi ya girmi mai shagon. Da zarar ya fara kauce wa layi, ko ya tuɓe zarton ya yar, sai likitoci su taru, kowa da ilimin da Allah ya hore masa.

Mai Guduma ne ke fara isowa. Ba ya tambaya, ba ya leƙawa. Ya ƙwala wa murfi ɗaya, ya ƙwala wa tebur ɗaya, ya ja da baya ya ce, "Kunna mu gani." In inji ya tashi, aikinsa ne. In bai tashi ba, ƙarfe ne ya gaji.

Sarkin Ɗauri ya fi shi ɓarna, don shi da gaskiyarsa ya zo. Ya ji an ce sakakken zarto ba ya bin layi, kuma haka ne. Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne ɗaurin yana da iyaka: in ka danna zarton da yatsa daga gefe, ya kamata ya ɗan ba da kai kamar milimita 6. Shi kuwa murɗawa yake yi yana cije leɓe, har sai zarto ya koma kuka kamar tsarkiyar gurmi. Boris ya ɗau zafi, can sai ka ji tas! Ya tsinke daidai mahaɗa, zagi kuma ya koma kan mai walda. Mahaɗar nan fa ta daɗe tana wahalar da mutane. Tun 1809 William Newberry ya yi rajistar injin a Ingila, amma ya ƙi karɓuwa saboda haɗin ba ya jurewa, sai a 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crepin, ta samo dabarar waldar da ke riƙewa. Abin da ya ci wa Turawa shekaru, Sarkin Ɗauri kafin azahar ya warware shi.

Akwai kuma wanda a wurinsa komai laifin wuta ne. Inji na juyawa lafiya lau, katako na fita a karkace, shi kuwa yana kallon waya a sama yana girgiza kai. Ranar da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023 ya sami uzurin da ya daɗe yana nema. An maido da wuta a 2024, shi har yau bai maido da uzurin ba.

Abokin hirarsa ya fi shi zurfi. A ƙasa-ƙasa yake magana: "Maigida, wannan ba aikin ƙarfe ba ne, akwai hannu." Wa ya buɗe sabon shago a layin nan? Wa ya wuce jiya bai yi sallama ba? Kafin a ankara an rataya wa inji laya. Da ya buɗe murfin da ya rataya ta a kai, da ya ga maƙiyan da idonsa: robar taya ta cinye, garin katako ya daskare a kanta. Ragowar kuma suna cikin itacen, tsohuwar ƙusa da ta kwanta a katakon rufi, da rairayin ƙasar Gure da ya cika ɓawo, masu dakushe haƙoran gefe ɗaya har zarto ya riƙa janyewa ɗaya gefen.

Kada a manta da Alhaji mai kayan, wanda ya kawo guntun kirya yana so a tsaga kafin motar kasuwa ta tashi. "Tura mana, yaro, tura!" Kirya ba ta san gaggawa ba. Ana turawa zarto na lanƙwasa a ciki, hayaƙi na tashi.

Duk wannan hidima Baba na zaune a gefe da kofin shayi. Sai kowa ya gaji yake miƙewa. "An cire wuta?" Ashe ba a cire ba. Ya sassauta ɗaurin, ya kankare tayar, ya juya ta da hannu yana ɗan taɓa notin da ke bayan ta sama, har zarto ya zauna a tsakiya. Ya ari takardar jaka guda wurin Alhaji, ya zura tsakanin zarto da maƙallan da ke riƙe shi ta gefe, ya ɗaure daidai kaurinta. Boris na baya ya matso da shi dab, yadda ba zai juya ba sai an fara yanka. Sannan ya shafa haƙoran da babban yatsa.

"Ɗana, yaushe rabon a wasa wannan?"

Mai shago ya shiga neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin tebur.

Baba ne kaɗai likitan gaske a cikinsu, amma shi ma da nasa halin: takardar da ya ara ba ta sake ganin aljihun mai ita. In ya miƙo maka hannu, mai karatu, ka ba shi ta dala ɗari, kaurinsu ɗaya.